Sharhi kan kwas ɗin Python da injiniyoyin manhaja ke koyarwa

Na kammala wani kwas na koyon Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, ta intanet, wanda malamansa duka injiniyoyi ne da suka daɗe suna rubuta manhaja a kamfanoni, kuma a ganina amfaninsa mafi girma yana cikin yadda suke duba aikin ɗalibi. Tun da Guido van Rossum ya fitar da wannan harshe a 1991, an tara darussa na kyauta a kansa masu tarin yawa, saboda haka bidiyoyin kwas ɗin ba su zo da wani abin da mai nema ba zai samu a wani wuri ba.

Tsarin aikin shi ne ɗalibi ya rubuta kod ɗinsa, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ya tura shi GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, ta hanyar Git, manhajar da ke bin diddigin sauye-sauyen kod, sannan malami ya bi shi layi bayan layi yana barin gyara, kamar yadda ake yi wa ma'aikaci kafin a karɓi aikinsa. A wani aiki na lissafin kuɗin ciniki, yawancinmu mun yi amfani da lambobi masu ɗigo na nau'in float, kuma manhajar ta yi aiki lafiya lau. Malamin bai yi dogon bayani ba, sai ya ce kowa ya rubuta 0.1 + 0.2 ya ga amsa. Abin da ya fito shi ne 0.30000000000000004, domin kwamfuta tana adana irin waɗannan lambobi ne da sifili da ɗaya, kuma kashi ɗaya bisa goma ba ya zama daidai a wannan tsari. Daga nan ya nuna mana Decimal, wani nau'in lamba a Python da ke adana kashi ɗaya bisa goma daidai, ya kuma bayyana yadda ɗan wannan bambanci yake taruwa har lissafi ya ƙi daidaita a ƙarshen wata. Haka kuma ba sa karɓar aikin da aka haɗa rubutun mai amfani kai tsaye cikin umarnin SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, tun da ta wannan kafa ce masu kutse suke shiga rumbun bayanai, kuma duk aikin da bai zo da gwaje-gwajen pytest, manhajar gwada kod, ba ana mayar wa mai shi.

Sai dai gwanin aiki ba lallai ne ya zama gwanin koyarwa ba. An ruga da darussan farko sosai, har malami yakan buɗe tagar umarni, inda ake ba kwamfuta umarni a rubuce, ya yi ta bugawa ba tare da ya tuna cewa wasu ba su taɓa ganinta ba, kuma da dama daga cikin sababbin shiga sun sare tun a nan. Amsar tambaya takan yi jinkiri, kasancewar malaman suna da ayyukansu na ofis. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wasu tsofaffin bidiyoyi da har yanzu suke kan Python 2, tsohon zubin harshen, alhali an daina tallafa masa tun farkon 2020.

Ina ba da shawarar kwas ɗin ga wanda ya riga ya iya rubuta ƙananan manhajoji kuma yake shirin neman aiki. Wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba gara ya fara da darussan kyauta tukuna, kuma kafin ya yi rajista ya tambaya ko injiniyoyin ne da kansu suke duba aiki, ko kuwa tsofaffin ɗalibai ake bar wa.