Grimgar: mutum shida a kan dodo ɗaya, da ƙyar suka sha

Ƙanina ne ya dame ni da wannan katun ɗin. Ni na daɗe da yin sallama da katun ɗin Japan irin wanda suke kira isekai, wato labarin wanda ya tsinci kansa a wata duniya, don duk miyar tukunya ɗaya ce: yaro cima-zaune mota ta banke shi, ya farka a wata ƙasa, kafin a gama kashi na biyu ya fi kowa ƙarfi, 'yan mata sun yi masa layi, sarki na roƙonsa ya ceci al'umma. Na ce masa in dai irin wannan ne kada ya sa ni asarar data. Ya ce, "Yaya, kalli kashi biyu kawai. In ka ga jarumi a ciki, ni zan biya ka kuɗin datarka." Cikin dare uku na cinye duka kashi 12, kuma ban nemi ko sisinsa ba.

Sunansa Grimgar of Fantasy and Ash. Kamfanin A-1 Pictures ne ya fitar da shi a 2016, daga littattafan Ao Jumonji da suka fara fitowa a 2013. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan fasa ƙwai a ƙasa.

Matasa 12 ne suka farka a wani wuri da watansa ja ne, ba sa tuna komai sai sunayensu. Wani lokaci kalma irin "wayar salula" takan suɓuce daga bakin ɗayansu, ya tsaya yana mamakin me take nufi. Babu wanda ya tare su da annabcin cewa su ake jira. A garin Ortana abin da aka ce musu shi ne in suna son cin abinci su shiga rundunar sa-kai, su kashe dodanni, su sayar da abin da suka samu a jikinsu. Nan take wani ƙaƙƙarfa mai suna Renji ya tsince masu ƙwari ya tafi da su. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a layin unguwa ya san yadda ake raba tim, ya kuma san yaran da ake bari a ƙarshe har a ce ɗaya ya je ya tsare gola. To labarin waɗannan yaran aka ba mu: Haruhiro da ya koyi sana'ar ɓarayi, Manato mai warkar da rauni, Ranta mai shegen surutu, Yume maharbiya da kibiyarta ba ta cika samun abin hari ba, Shihoru mai sihiri da kunya kamar ta nutse, da Moguzo, ƙato mai sanyin hali wanda ya fi gwaninta a girki da sassaƙa.

A kashi na biyu na gyara zama. A sauran finafinan irin wannan, goblin shi ne ɗan ƙaramin dodon da ake shafewa da sara ɗaya a wuce. A nan su shida suka taru a kan guda ɗaya, kuma abin ya zama kamar yankan rago a hannun wanda bai taɓa riƙe wuƙa ba. Dodon yana ihu, yana kokawa, an soke shi ya ƙi faɗuwa, don shi ma ba ya son mutuwa. Da aka gama babu kiɗan nasara. Hannun Ranta na rawa, sauran sun yi tsuru-tsuru, ga ɗan abin wuyan mamacin da za a kai kasuwa. Na ajiye wayar na ɗan jima kafin in ci gaba.

Talaucinsu ma ba na ado ba ne. Ana lissafin kwabo-kwabo kafin a sayi abinci. Akwai wurin da babbar damuwar samarin ita ce kamfansu ya tsufa ya yage, ba kuɗin sabo, sai a wanke a shanya a jira ya bushe. Na yi dariya, amma dariyar wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ce.

Sai kashi na 4. Manato, wanda shi ne ginshiƙin tafiyar, mai lallashin kowa, mai tashi da sassafe, kibiya ta same shi a baya a kangon birnin Damuro lokacin da suke gudu. Ya riga ya ƙarar da ƙarfin warkarwarsa a kan raunukan abokansa, nasa kuma ya ɓoye. Suka ɗauke shi a guje zuwa wurin ibada suna roƙo, aka ce musu wanda ya mutu ya mutu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya biyo baya: an gaya musu dole a ƙona gawar, in ba haka ba wata la'ana da ke ƙasar za ta tashe ta, kuma ƙonawar da kabarin sai sun biya. Ƙona gawa abu ne da ke tayar mini da tsigar jiki, amma wannan tsayuwa ta mutum yana hawaye yana laluben aljihu na san ta sarai. Ranar da aka yi mana rasuwa a gida ni aka aika sayen likkafani.

Kusan rabin zangon a kan makoki ya tafi, kuma nan ne ƙarfinsa yake. Samarin suka koma mashaya, 'yan matan suka daina yi musu magana, kowa ya gano ashe Manato ne zaren da ya ɗinke su, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya gaji. Haruhiro ya gaji shugabanci ba don ya cancanta ba, sai don babu wani. Suka ɗauko Merry ta maye gurbin, mace mai ɗaure fuska da ke ƙin warkar da ƙaramin rauni. Na tsane ta na kashi biyu cur, har aka bayyana cewa ita ma a da irin Manato ce, ta yi ta rabon ƙarfinta har ya ƙare a ramin haƙar ma'adinai na Cyrene, mutum uku na tawagarta suka mutu. Daga baya da suka tara kuɗin sayen lambar zama cikakkun sojojin sa-kai, sai suka sayi har da ta Manato suka kai masa kabari.

Zanen kamar na fentin ruwa ne, duwatsu da rufin gidaje duk a dushe, ya dace da sanyin labarin. Amma ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba. Kusan kowane kashi sai an dakatar da labari an saka waƙa ta minti biyu ko uku ana nuna mutane suna yawo a kasuwa. Sau ɗaya ko biyu ta yi daɗi, sauran na tura gaba. Na biyu, yadda ake kafe ido a jikin 'yan matan, har da wurin leƙen banɗaki, ya zubar wa fim ɗin da mutunci, kuma saboda shi ba zan kunna shi a falo gaban yara ba. Ranta kuwa in kana sa abin sauraro a kunne ka rage murya.

Ƙarshensa ma ya ɗan ci amanar farkonsa. Haruhiro shi kaɗai ya kashe Death Spots, ƙaton dodon da ya hallaka abokan Merry, da sukan wuƙa ɗaya da ya dace. An yi ƙoƙarin nuna sa'a ce, amma yaron da ya sha wuya a hannun goblin ɗaya bai kamata ya kai nan cikin 'yan watanni ba. Kuma har aka rufe ba a faɗi wa ya kawo su ko don me ba. Na tambayi ƙanina ina zango na biyu, ya ce babu, sai dai in bi littattafan. Na ce ya turo mini na farko.