GoldenDict-ng ko StarDict? Ni dai ga wanda zan ce ka saka

Malam, tunda tambayarka tsakanin manhajojin duba ƙamus StarDict da GoldenDict ce, wanne zai yi maka aiki a Linux ba tare da intanet ba, to ka saka GoldenDict-ng, wato sabon samfurin GoldenDict, kawai ka huta. Shi ne a kan laftof ɗina tun da daɗewa kuma har yau ban ga dalilin canza shi ba.

Amma fa ka san wani abu tun kafin ka fara, don shi ne yake sa mutane su yi insitol su buɗe su ga fayau sai su ce abin ba ya aiki. Duk su biyun ba ƙamus ba ne, manhajar karanta ƙamus ce, kamar kabad ne da aka kawo maka babu littafi ko ɗaya a ciki, kai za ka nemo fayilolin ƙamus ɗin ka zuba. Saboda haka ainihin tambayar ita ce wanne ne yake karɓar fayil iri-iri, kuma a nan GoldenDict ya yi wa ɗan'uwansa nisa sosai. Yana buɗe fayilolin StarDict ɗin kansu, yana buɗe na Babylon masu .bgl, da na Lingvo masu .dsl, da MDict masu .mdx, da na dictd, har da fayilolin ZIM ɗin da Kiwix, masu mayar da shafuka irin su Wikipedia oflayin, suke rabawa. Wato duk abin da StarDict zai karanta maka na irin nasa, wannan ma zai karanta, sannan ya ƙara da wasu.

Ranar da abin ya shiga raina wata tafiya ce mai nisa, babu netwok sam, ga wani dogon PDF na turanci mai nauyi da dole in gama karantawa kafin in isa. Duk kalmar da ta shige min duhu sai in yi mata hailait in riƙe Ctrl in danna C sau biyu, sai ƙaramar taga ta fito nan kusa da inda nake karatu da ma'anar daga ƙamus uku a jere, na sama ya ba ni gajeren bayani, na ƙasa ya kawo kalmomi masu kama da ita, ban rufe PDF ɗin ba ban buɗe burauza ba. Wanda ke zaune kusa da ni har leƙowa ya yi yana tambaya wai wane layi nake amfani da shi da yake kamawa a wurin. Abin da ya fi burge ni ma shi ne idan kalmar ta zo a jam'i ko da ɗafa-ƙeya a bayanta, yana iya mayar da kai kan tushenta, in dai ka nuna masa fayilolin Hunspell, wato na duba kuskuren rubutu, waɗanda yawanci suna nan a kwamfutar tuntuni a /usr/share/hunspell.

Asalin GoldenDict ɗin Konstantin Isakov ne ya fara shi a 2009, amma tsohon ya dogara da QtWebKit, injin nuna shafuka wanda aka daina kula da shi, shi ya sa wasu suka ɗauki kod ɗin suka ci gaba da shi da sunan GoldenDict-ng a kan Qt 6. Wannan mai ng ɗin za ka nema, yana cikin Debian 13 kuma yana Flathub, rumbun manhajojin Flatpak, in distiro ɗinka, wato nau'in Linux ɗinka, ba shi da shi. In ka buɗe ka danna F3, ka shiga Files ka ƙara foldar da ka ajiye ƙamus ɗinka, ka sa alama a Recursive sannan Rescan now. Karon farko zai ɗan jima yana haɗa indes musamman in fayil ɗin babba ne, ka bar shi ya gama, kar ka ɗauka ya maƙale ne. In ta Flatpak ka saka kuma ya ƙi ganin foldar, matsalar izini ce, manhajar Flatseal mai saita izinin Flatpak za ta gyara maka. Sannan a wannan tagar dai ka leƙa shafin Wikipedia ka cire alamar da ke kai, don yana zuwa da ita a kunne kuma ita intanet take nema.

StarDict kuma, to, yana aiki. Ya girmi wancan, kuma tsarin fayil ɗinsa ne ya zama ruwan dare har na'urorin karatu suke amfani da shi, wannan dai ba za a hana shi ba. Amma a watan Agusta na 2025 an yi ta magana a Debian bayan an gano cewa a kan X11, tsohon tsarin nuna tagogi na Linux, duk rubutun da ka yi wa hailait, filogin ɗinsa na ƙamus ɗin onlayin suna tura shi zuwa sabar shafukan ƙamus na China, YouDao da dict.cn, ta HTTP zalla babu wani ɓoyewa, ka ga in fasuwod ka yi wa hailait shi ma ya tafi ke nan. Ana iya kashe filogin ɗin, amma mutumin da ya ce oflayin yake so me zai kai shi wannan wahalar?

Kar in yabi nawa in manta da aibinsa. GoldenDict-ng yana ɗauke da injin Chromium a cikinsa don nuna shafuka, don haka yana cin RAM, in kwamfutarka tsohuwa ce mai 2GB za ka ji a jikinka. A irin wannan yanayin gara sdcv, ɗan ƙaramin abu ne da ke aiki a Terminal, ka zuba fayilolin a ~/.stardict/dic ka rubuta sdcv da kalmar shike nan. Aibi na biyu kuma Wayland, sabon tsarin da yake maye gurbin X11. Ubuntu da Fedora yanzu a kansa suke zuwa, kuma shi ba ya barin manhaja ta riƙa kama maɓallai daga ko'ina yadda X11 yake bari, don haka wancan Ctrl da C biyun zai iya ƙin yi maka. Mafita ita ce ka je saitin kibod na tsarin ka haɗa shotkot naka da zai kira GoldenDict da abin da umarnin wl-paste ya ɗauko daga abin da ka kwafa. Masu Linux Mint su ba ruwansu da wannan tunda har yanzu X11 ne yake zuwa a kunne.

Ina za ka samo ƙamus ɗin kansu? WordNet na jami'ar Princeton kyauta ne kuma yana da kyau wajen kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyi. GCIDE ma kyauta ne, sai dai an gina shi ne kan Webster na 1913, bayaninsa akwai zurfi amma kar ka nemi kalmomin fasahar zamani a ciki. Na harshe biyu kuwa akwai FreeDict, suna da turanci da larabci, turanci da faransanci da wasu da yawa. Wanda ya fi cike giɓin sababbin kalmomi shi ne Wiktionary, ka sauke ZIM ɗinsa daga Kiwix, na turancin yana kai gigabait da dama saboda haka ka nemi wifi mai ƙarfi sau ɗaya ka gama da shi. In ka samu fayil a tsarin da bai yi maka ba, PyGlossary yana juya shi. Fayil ɗin StarDict kuma ba guda ɗaya ba ne, .ifo da .idx da .dict.dz dole su zauna tare a folda ɗaya, in ɗaya ya ɓace ba zai fito ba.

Wani zai ce maka ka saka manhajar Artha, ba laifi in turanci kaɗai kake so, WordNet ne a cikinsa kuma Ctrl+Alt+W yake amfani da shi, amma ba za ka iya ƙara masa wani ƙamus ba. GNOME Dictionary kuwa ka bar shi, sabar ƙamus yake tambaya ta intanet, sai ka kafa dictd a kwamfutarka kafin ya yi aiki oflayin.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da masu talla wai suna sayar da cikakken fak na ƙamus ɗari a filasha ko ta link. Na taɓa biyan kuɗi na karɓi irinsa, da na buɗe rabi WordNet da FreeDict ne da kowa zai sauke kyauta, sauran kuma kwafin sata ne na manyan ƙamus masu haƙƙin mallaka wasu ma ba su cika ba, ga wani .exe a ciki da ba shi da abin yi a Linux. Ƙamus fayil ɗin bayanai ne kawai, ba ya buƙatar ka ba shi ikon rut, wato cikakken iko a kan kwamfutar, duk wanda ya turo maka .deb ko .sh ya ce ka gudanar da sudo don ƙamus ya shiga, goge shi. Manhajar ka ɗauko ta daga ma'ajiyar distiro ɗinka ko Flathub, fayilolin kuma daga shafin masu su, in ka gama ka kashe wifi ka nemi kalma biyar ka ga ko duk sun fito.