Ext4, XFS, Btrfs ko ZFS: zaɓin ya rataya ne a kan kanel ɗin da kake bi

Ɗan'uwa, ka ce kana da sabuwar laftof da kake aiki a kanta kullum, da kuma tsohuwar kwamfutar tebur da kake son sa wa faifai huɗu ta zama rumbun ajiyar hotuna da takardu. Ka tambayi wanne ya fi tsakanin ext4, XFS, Btrfs da ZFS, wato tsarin fayil, hanyoyin da ake tsara bayanai a faifai, sannan can ƙasa ka ƙara da cewa ko gara ka riƙa ɗaukar sabon kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urar, da zarar ya fito, ko ka tsaya kan mai dogon tallafi. Ka jero su kamar tambayoyi biyu. A wurina guda ce, domin manhajar da ke rubuta bayananka a faifai a cikin kanel take aiki. Duk ranar da ka sabunta kanel, hannun da ke riƙe da alƙalamin ka sauya. Don haka kafin a zo ga wanne ya fi sauri, sai a fara sanin ta wace hanya za ka koma baya ranar da sabuntawa ta ƙi ka.

Sabon kanel na Linux yana fitowa duk bayan mako 9 zuwa 10: mako biyu ana karɓar sababbin abubuwa, sauran ana gwaji da gyara. A duk shekara ana ware guda ɗaya, galibi na ƙarshen shekara, a ce shi ne mai dogon tallafi, wato LTS: 5.15 a 2021, 6.1 a 2022, 6.6 a 2023, 6.12 a 2024. Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa su ke ci gaba da zuba masa gyare-gyare na tsawon shekaru ba tare da an sauya masa fasali ba. A cikin nau'o'in Linux, Debian 12 a kan 6.1 take, Debian 13 a kan 6.12, kuma haka za su zauna har ƙarshen zamaninsu. Fedora da Arch da openSUSE Tumbleweed kuwa bin sabo suke yi. Ubuntu ta raba ƙafa: akwai kanel ɗin da aka fito da ita da shi, kamar 6.8 a 24.04, akwai kuma layin HWE da ke matsawa gaba saboda sababbin na'urori.

Ext4 da XFS ba su buƙatar dogon bayani. Ext4 ya zauna da gindinsa tun kanel 2.6.28 a Disambar 2008, kuma shi Debian da Ubuntu suke sa maka idan ba ka ce komai ba. XFS ya girme shi: kamfanin Silicon Graphics ne ya fara shi a 1993, kuma tun fitowar RHEL 7, Linux ɗin kamfanin Red Hat, a 2014 suka riƙe shi. Dukansu biyu suna da kundin da suke rubuta niyyarsu a ciki kafin su taɓa tsarin faifan, shi ya sa idan wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu suke farfaɗowa da wuri. XFS ya fi ƙwarewa wajen manyan fayiloli da rubutu da yawa a lokaci guda, amma a aikace ba a rage masa girma. Ext4 ana ragewa idan ba a ɗora shi ba, wato ba a aiki da shi a lokacin. Rauninsu ɗaya ne: suna tantance bayanan tsarinsu, ba sa tantance abin da ke cikin fayil ɗinka. Idan faifai ya tsufa ya juya wani ɗigo a cikin hoto, za su miƙo maka shi a lalace ba tare da sun ce uffan ba. Ga rumbun da za a ajiye abu shekara goma, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Btrfs da ZFS nan suka bambanta da su. Ba sa rubutu a kan tsohon wuri. Duk canji a sabon wuri ake rubuta shi, sai ya kammala sannan a karkata manuniya zuwa gare shi. Daga wannan dabarar aka sami hoton-lokaci, wato daskarar da yanayin fayilolinka a wani ɗan lokaci, cikin ƙiftawar ido kuma ba tare da cin wuri ba sai abin da ya canza daga baya. Kowane gutsuren bayani kuma yana da lambar tantancewa, ga umarnin scrub da ke bin faifan kaf yana dubawa. Sai dai ka lura: a kan faifai ɗaya, kamar na laftof ɗinka, za su gaya maka fayil kaza ya lalace, amma gyara shi sai da kwafi na biyu.

Idan aka ajiye su kafaɗa da kafaɗa a kan faifanka huɗu, ZFS ne a gaba. RAIDZ2, wata hanyar ZFS ta haɗa faifai wuri guda, zai ba ka rabin wurin, kuma ko waɗanne biyu suka mutu bayananka na nan. Raid1 na Btrfs shi ma rabin wurin zai ba ka, amma kwafi biyu kawai yake ajiyewa, don haka mutuwar faifai ɗaya ce ya yi maka alkawarin jurewa. Akwai raid1c3 mai kwafi uku tun kanel 5.5, sai dai wuri zai ƙara raguwa. Raid5 da raid6 na Btrfs kuwa masu shi da kansu sun yi gargaɗi a kansu, kada ka kusance su da abin da kake so. Inda Btrfs ya yi zarra shi ne sauƙin kai: faifai masu girma daban-daban suna zama tare, kana ƙarawa kana cirewa kwamfuta na aiki. ZFS sai a OpenZFS 2.3 (OpenZFS shi ne ZFS ɗin da ake amfani da shi a Linux), a farkon 2025, ya sami damar ƙara faifai guda a cikin RAIDZ.

To, yanzu ga wurin da tambayarka ta biyu ta shigo cikin ta farko. Btrfs, wanda Chris Mason ya fara a Oracle a 2007, yana cikin kanel tun 2.6.29 a 2009. Duk wanda ya taɓa wani abu a kanel da ya shafe shi, dole ya gyara shi tare. ZFS daga Sun Microsystems ya fito, aka sake shi a OpenSolaris a 2005 ƙarƙashin lasisin CDDL, wanda ba ya jituwa da GPL na Linux. Shi ya sa har yau a waje yake zaune, ana ɗora shi a matsayin ƙari. Linux kuwa ta yi alkawarin ba za ta karya manhajojin da mutane ke amfani da su ba, amma ba ta taɓa yin alkawarin barin cikin gidanta yadda yake don masu ƙari daga waje ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma masu OpenZFS suna buƙatar lokaci kafin su kama sabon taken. Kowane fitowar OpenZFS tana faɗin iyakar kanel ɗin da take goyon baya.

Ka ƙaddara kana kan Arch, inda ZFS ba ya ma cikin rumbun manhajojinsu na hukuma. Sabon kanel ya sauko, DKMS, manhajar da ke gina ƙari ga kowane sabon kanel, ya yi ƙoƙarin sake gina ZFS a kansa ya kasa, saƙon kuskuren ya wuce cikin ɗaruruwan layuka ba ka gani ba, ka sake kunna kwamfuta. Bayananka suna nan lafiya, amma babu mai karanta su. Idan tushen tsarin ma a kan ZFS yake, ko tashi ba za ta yi ba. Abin da ya ƙara tsananta shi, Arch maye gurbin tsohon kanel take yi, ba ta ajiye shi, sai in ka girka linux-lts, kanel ɗinta mai dogon tallafi, a gefe. Fedora ta fi tausayi a nan, tana riƙe kanel uku a jerin GRUB, wato allon zaɓi da ke fitowa lokacin tashi. Ubuntu tun 16.04 take kawo ZFS a gine tare da kanel ɗinta, don haka wannan ciwon kai bai cika samun masu ita ba. A FreeBSD kuwa, wani tsarin daban da ba Linux ba, inda ZFS ya shiga tun 7.0 a 2008, ɗan gida ne: da umarnin bectl za ka ware yanayin tsarin kafin sabuntawa, in ta ɓaci ka zaɓi tsohon tun daga allon tashi.

Akwai tarko guda da ya kama mutane da yawa masu Btrfs, kuma ina so ka fahimce shi tun kafin ka raba faifai. Kanel ɗin kansa a /boot yake zama, ƙananan direbobinsa kuma a /usr/lib/modules. Idan /boot yanki ne daban da hoton-lokaci bai rufe ba, ranar da ka mayar da tsarin zuwa na makon jiya za ka iya samun sabon kanel a /boot alhali direbobinsa sun tafi tare da abin da ka goge. Sai ta tashi babu intanet, wani lokacin ma ta tsaya a hanya. openSUSE ta yi tunanin wannan: manhajarta Snapper tana ɗaukar hoton-lokaci kafin da bayan kowace sabuntawa, kuma kana iya tashi daga tsohon hoto ka ba da umarnin komawa. Fedora ta koma Btrfs tun fitowa ta 33 a 2020, amma /boot ɗinta ext4 ne daban, kuma ba ta shirya maka hotunan da kanta. Sunan tsarin fayil ɗaya, kariyar ba ɗaya ba.

Kada kuma ka ɗauka LTS na nufin babu kuskure. A Disambar 2023 wani gyara da aka dawo da shi cikin 6.1.64 ya jawo haɗarin lalacewar bayanai a ext4, har Debian ta fasa sakin 12.3 ta tsallaka zuwa 12.4. A daidai wannan tsakanin aka gano wani tsohon kuskure a OpenZFS da fitowar 2.2.0 ta tono, aka toshe shi a 2.2.2. Tsarin da aka fi amincewa da shi a kan kanel mafi natsuwa, da tsarin da ake yabo don tsare bayanai, duka sun yi tuntuɓe cikin 'yan makonni. Hoton-lokaci kuma a kan faifan yake zaune, in faifan ya tafi tare za su tafi. Ka tanadi kwafi a wani wuri dabam. Btrfs send da zfs send suna sauƙaƙa hakan sosai, tunda abin da ya canza kawai suke turawa.

Ga abin da zan yi da na'urorinka ne a hannuna. Laftof sabuwa tana buƙatar sabon kanel, domin direbobin katin hoto da Wi-Fi da sarrafa batir a can suke zuwa. Mai bin sabon kanel kuwa yana buƙatar tsarin fayil na cikin gida da hanyar komawa baya, wato Btrfs, tare da matse bayanai da zstd. Tumbleweed ta fi kowa shirya wannan. Idan kana gudanar da kwamfutocin gwaji a cikinta, manyan fayilolinsu suna wargajewa a Btrfs. Umarnin chattr +C a kan jakar tun babu komai a cikinta, kafin ka zuba su, yana magance hakan, amma ka sani ka sadaukar da lambar tantancewarsu. In kuma ba ka da niyyar koyon wannan duka, ext4 da kwafi mai kyau ba abin kunya ba ne, ya fi Btrfs da ba a kula da shi.

Tsohuwar kwamfutar tebur ba ta da wani sabon ƙarfe da ke jiran direba, don haka sabon kanel ba abin da zai ƙara mata sai haɗari. Sa mata Debian ko Ubuntu LTS a kan kanel ɗin asali, ko FreeBSD, ka yi RAIDZ2 da faifan huɗu, ka sa scrub duk wata. Idan Linux ka zaɓa, bar tsarin kansa a kan ƙaramin faifai daban mai ext4, yadda ko ZFS ya ƙi ginuwa za ka iya shiga ka gyara. Bayan kowace sabuntawar kanel, duba dkms status kafin ka sake kunnawa. Kuma idan zpool status, umarnin duba lafiyar rumbun ZFS, ya fara ba ka shawarar zpool upgrade, kada ka yi gaggawa: da zarar sababbin fasalolin sun fara aiki a rumbun, tsohon ZFS ba zai iya buɗe shi yadda ya saba ba, har da wanda ke kan filashin da ka ajiye don ceto. Sabunta filashin tukuna, ka gwada ya ga rumbun, sannan ka ba da umarnin.