Yis ɗin waina da funfunar buhu: dangi ɗaya, hali daban

Hajiya, na ga tambayarki daga wajen Taura. Kin ce malamin gona ya gargaɗe ku cewa funfuna na lalata hanta, ɗanki na sakandare kuma ya ce ai yis ma dangin funfuna ne. To ki daina sa shi a waina? Sannan masarar da ta yi funfuna a buhu, in an jiƙa ta an yi kamu ya yi tsami, ta gyaru?

Yaron bai yi ƙarya ba, Allah ya ƙara masa basira. Dangi ɗaya ne, amma ba a taru an zama ɗaya ba.

Yis ke kika gayyato shi. Yana cin zaƙin da ke cikin ƙulli, ya saki iska, ƙullin ya tashi, waina ta yi ido. Da ya ji zafin tanda ya mutu, aikinsa ya ƙare. Ko ba ki saya a shago ba, akwai irinsa a jikin hatsi, shi da wasu ƙwayoyin halitta masu kawo tsami, su ne ke aiki a gasara da funkaso da kindirmo. Tsamin nan kansa kariya ne, don yawancin ƙwayoyin gudawa ba sa jure masa. Ki ci gaba da wainarki. Daddawa kuwa ba ta cikin wannan shari'ar, wasu ƙwayoyin ne dabam ke ruɓar da kalwa, ba funfuna ba.

Ita funfunar buhu ba wanda ya kira ta. A ƙasar gona take zaune, ta fi kama gyaɗa da masara in fari ya matsa musu dab da girbi, ko ƙwari sun huda ƙwayar, ko an ɗura a buhu da sauran danshi. Wani irinta mai kore-kore yana fitar da guba da likitoci ke kira afulatoksin. A Ingila aka gano ta, bayan da ta kashe talotalo kusan 100,000 a 1960, ta hanyar tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Burazil. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara. Amma abin da ya fi damuna shi ne na kaɗan-kaɗan, wanda ba a gani: shekara da shekaru tana cin hanta har ta kai ga sankara, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, wadda ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu.

Nan ne babban bambancin. Wuta na kashe yis, tana kashe funfunar ma, amma gubar da ta riga ta zuba tana nan daram. Tafasa koko bai karya ta, suyar ƙuliƙuli ma ba ta gamawa da ita. Ba ta da wari, kuma ƙwaya na iya ɗauke da ita ido bai gani ba. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a. Jiƙo da tsami suna ɗan ragewa, ba sa tsarkakewa. Abin da ke ragewa sosai shi ne aikin da iyayenmu mata ke yi tun fil azal: tsince ƙwayar da ta canza launi ko ta motse, zubar da wadda ta taso saman ruwa, surfe, a fitar da dusar. In funfuna ta mamaye buhun, ki haƙura da shi.

Kuma kada a ce a ba dabba. Gubar na bi ta jikin saniya ta fito a nono, ta dawo cikin furar yara. A binne ko a ƙone. Haka gyaɗar da aka tsince aka ware, ita ce ake sayarwa da araha ga masu ƙuliƙuli, kuma yawancin gubar a tunkuza take zama. Ni dai yanzu ba na sayen ƙuli ko yaji sai wurin wadda na san inda take samo gyaɗarta.

Abin mamaki, mutanen Jafan suna da wata funfuna, 'yar'uwa ta kusa ga wannan mai gubar, da suka daɗe suna renon ta don yin miyar waken suya, kuma ba ta fitar da guba. Da irin wannan dabara cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta haɗa Aflasafe: dawa ce mai launin shuɗi da aka lulluɓe da funfuna marar guba. Ana watsa kilo 10 a hekta, sati biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri. Maigida ya tambayi malamin gonar nan ko ana samu.

Na bana kuwa, a shanya a kan tamfol, ba a tsurar ƙasa ba, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Sai masara ta yi ƙaras a haƙori, gyaɗa ta yi kacau-kacau a cikin ɓawonta, sannan a ɗura. Buhunan a ɗora su kan katako, kada su jingina da bango.