Na'urar jawo ɗumi ko iyakwandishan? Ra'ayina daga Manchesta

Maigidana iyakwandishan ya so, wai bai manta Yulin 2022 ba, da zafi ya haura digiri 40 a Ingila. Ni kuwa na ce zafin nan kwana nawa ne? Sanyi ai rabin shekara muke sha.

Muka sa na'urar da ke zuƙo ɗumin iskar waje ta ɗumama ruwan bututun gida. Gwamnati ta biya mana fam 7,500 daga cikin kuɗin na'urar. Irin tamu ba ta sanyaya ɗaki, da bazara sai fanka. Ɗuminta a hankali yake ratsa gida, sai an bar ta a kunne. Mai gaggawa zai ji haushi. Gida mai yoyon iska kuwa, a fara toshe shi tukuna, in ba haka ba kuɗin wuta zai ba ka mamaki.