Leƙen cikin da aka yi wa Umma kafin tiyata

Ranar da likita ya ce sai an leƙa cikin Umma da na'ura kafin a sa ranar tiyata, raina ya ɓaci. Mun riga mun biya kuɗin hoton siti sikan, an ɗebi jini an auna CA-125, wani sinadari da kan ƙaru a jinin masu irin ciwonta, wanda bai kamata ya wuce 35 ba, nata kuwa ya haura dubu. Ga ciki ya tara ruwa har zani ba ya ɗauruwa. Kansar ƙwan mahaifa ce, an faɗa mana. To leƙen me kuma? Na ɗauka hanyar tatsar kuɗi ce.

Ashe ba haka ba ne. Likitan ya jawo takarda ya zana mana. Ya ce ciwon nan ba ƙari ɗaya ba ne da za a yanke a huta, watsuwa yake a bangon ciki da jikin hanji kamar an barbaɗa gero, kuma hoto ba ya kama ƙananan. Amfanin tiyatar shi ne a fito ba a bar komai da ido ke gani ba. In aka tsaga ciki aka tarar ba zai kwasu ba, an wahalar da ita a banza, an kuma jinkirta mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa.

Laparoskopi suke kiran aikin. Aka sa ta barci, aka yi ƙananan huji a cikin, aka hura iska, aka zura kyamara. Wurare bakwai suke dubawa, ciki har da saman hanta, tumbi, hanji da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Duk inda ciwon ya kama sosai, maki 2 ne. Wata likita ce a birnin Rum, Anna Fagotti, ta fito da wannan lissafi a 2006. In maki ya kai 8, da wuya a kwashe shi duka. Na Umma 10 ne.

Sai aka fara da kemo, carboplatin da paclitaxel, duk bayan mako uku. Bayan zagaye na uku ruwan ya janye, aka yi babbar tiyatar, likita ya fito ya ce bai bar abin da ya gani ba. Zagaye uku suka biyo baya.

Ƙorafina biyu ne. Ba wanda ya gaya mana iskar nan tana sa ciwon kafaɗa. Cikin dare Umma ta riƙe kafaɗar dama tana salati, ni kuwa na zaci ciwon ne ya hau sama, na ruga wajen nas ba ko takalmi. Sannan mako biyu muka yi muna jiran sakamakon gwajin naman da aka gutsuro a cikinta, kullum a ce mu dawo gobe.

Duk da haka, da za a mayar da ni ranar, da kaina zan sa hannu a takardar. Umma dai har yau tsokanata take: "Ke da kika ce kuɗinmu za su ci."