Minti shida da suka buɗe bakin ɗalibaina

Shekara takwas ke nan ina koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare a Maradi, kuma damuwata ba ta sauya ba. Yaro ya fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, ya kai ajin ƙarshe yana shirin BAC, jarrabawar kammala sakandare, ya iya cike gurbi a takarda, amma da ka jefa masa tambaya da baki sai ya sunkuyar da kai. Ba laifinsa ba ne. A gida Hausa, sauran darussa Faransanci, Ingilishi kuwa daga bakina kaɗai yake jin sa.

Bana na haɗa littafin aji da shirin 6 Minute English na BBC. Kyauta ne. Mutum biyu ke hira ta minti shida a kan batu ɗaya, kuma ana iya sauke muryar tare da rubutaccen zancen. Da dare nake saukewa a waya, da safe in jona da ƙaramin sifika.

Abin da ya fi burge ni shi ne tambayar da suke buɗe shirin da ita, da amsoshi uku a zaɓi ɗaya, ba a faɗin gaskiyar sai a ƙarshe. Nan nake tsayar da muryar in ce kowa ya canka. Wata yarinya da ke zama can baya kusa da taga, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta kare zaɓinta da jimla biyu cikakku. Wallahi ranar da farin ciki na kwana.

Sai dai aiki ne ja. Shirin na matsakaitan masu koyo ne, don haka sau uku nake kunnawa, na ukun da takarda a hannunsu. Ɗalibai sun haura saba'in, sifikan ba ya kai wa na baya, kuɗin hoton takardu kuma daga aljihuna yake fita, mutum uku kan takarda ɗaya.

Duk da haka ba zan daina ba, musamman tunda a 2025 Nijar ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci. Malamin da zai gwada, ya fara rubuta sababbin kalmomin a allo kafin ya kunna.